Horo da samun aikin farko a fannin fasahar sadarwa

Horo a fannin fasahar sadarwa shi ne koyon ayyukan da suka shafi kwamfuta da intanet, kamar gyara da kula da na'urori, haɗa kwamfutoci su riƙa sadarwa da juna, rubuta manhaja, sarrafa bayanai da tsaron intanet. A Najeriya ana samun wannan horo a makarantu, a cibiyoyi masu zaman kansu, ko ta intanet. Babbar matsalar sabon shiga ita ce yawancin ma'aikatu suna neman wanda ya taɓa aiki, shi kuwa bai samu inda zai fara ba.

Hanyoyin samun horo

Jami'o'i suna ba da digiri a kimiyyar kwamfuta, galibi cikin shekara huɗu. A kwalejojin kimiyya da fasaha kuwa, ɗalibi yakan yi ƙaramar difloma ta shekara biyu, ya fita koyon aiki na shekara ɗaya, sannan ya dawo ya yi babbar difloma. Akwai kuma gajerun kwasa-kwasai, irin waɗanda cibiyar Digital Bridge take bayarwa. Hukumar sadarwa ta NCC ce ta kafa ta a 2004, kuma tana da reshe a Kano.

A 2023 ma'aikatar sadarwa ta tarayya, ƙarƙashin minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku. Hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001, ita ke gudanar da shi, kuma an fara da mutum 30,000 a zangon farko.

Wasu kuma da kansu suke koyo ta bidiyo da darussan kyauta, ko ta zama a gaban maigida a kasuwannin waya irin ta Farm Centre a Kano.

Takardun shaidar ƙwarewa

Ban da takardar makaranta, kamfanonin duniya suna da nasu jarrabawowin. CompTIA A+ ta shafi gyara da kula da kwamfuta, kuma sai an ci jarrabawa biyu ake samun ta. CCNA ta kamfanin Cisco ta shafi haɗa kwamfutoci ne. Dukansu suna aiki na shekara uku kafin a sabunta su. Kamfanin Google ma ya fito da tasa takardar a 2018 ta dandalin Coursera. Da dala ake ƙayyade kuɗin waɗannan jarrabawowi, saboda haka faɗuwar darajar naira tana ƙara musu tsada.

Gadar da ke kai wa ga aiki

Takarda tana sa a kira mutum ganawa, amma abin da ya iya da hannunsa ne yake sa a ɗauke shi. Shi ya sa lokacin koyon aiki yake da muhimmanci. Shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta fara a 1973, yana tura ɗalibai ma'aikatu na wasu watanni, galibi shida ga 'yan jami'a. Ɗalibin da ya samu wurin da ake barinsa ya taɓa na'ura yakan fito da abin nunawa. Wanda ya ƙare da zama a ofis yana jiran sa hannu a littafinsa yakan fito yadda ya shiga. Haka lamarin yake a shekarar bautar ƙasa.

Masu rubuta manhaja sukan ajiye ayyukansu a GitHub domin mai ɗaukar aiki ya gani da idonsa. Wasu sukan gina wa wata makaranta ko shago shafin intanet kyauta, don su samu aikin da za su ambata. Cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna da Startup Kano suna haɗa masu koyo da ƙwararru, kuma sau da yawa a irin waɗannan wurare ake jin labarin gurbin aiki.

Aikin farko

Aikin farko yakan kasance na taimaka wa sauran ma'aikata: saka manhaja, gyara firinta, sauya kalmar sirri, ja da haɗa wayoyin intanet. Ana samun irinsa a bankuna, asibitoci, makarantu, ƙungiyoyin agaji da cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Albashinsa ba shi da yawa, amma daga nan ake gane ɓangaren da za a ƙware a kai.

Ƙalubale

Rashin wutar lantarki, tsadar data da rashin mallakar kwamfuta suna hana da yawa yin atisaye. Manyan kamfanonin fasaha sun taru a Legas da Abuja, saboda haka matasan Arewa sukan yi ƙaura ko su nemi aikin da ake yi daga gida. Kasuwar ma tana sauyawa: a 2019 kamfanin Andela, wanda ya shahara da horar da sababbi, ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya, Kenya da Uganda, saboda abokan hulɗarsa sun fi buƙatar gogaggu. Akwai kuma 'yan damfara da ke tallar aikin bogi, kuma alamarsu ita ce neman kuɗi kafin a ɗauki mutum.