Mayafin Addu'a na Yahudawa: Yadda Masu Shi Suke Zaɓensa

'Yan'uwa manoma, a 'yan shekarun nan wani farin mayafi mai ratsi-ratsi ya yi yawa a cikinmu. Masu zuwa ziyara Urushalima suna kawo shi tsaraba, ana kuma ganinsa a shagunan littattafai a birane. Tun da yake kuɗin gumi ake kashewa a kansa, mun ga ya kamata mu bayyana ko mene ne shi, da yadda masu shi na asali, wato Yahudawa, suke zaɓensa. Sunansa a bakinsu talit. Za ku ga zancensa duk zancen tumaki ne, da kaɗi, da saƙa, da rini, abubuwan da muka saba da su tun kakanni.

Da fari sai mu sani Attaura ba ta umarci kowa ya yafa mayafi domin addu'a ba. Umarnin da yake cikin Littafin Ƙidaya 15:37-41 da Maimaitawar Shari'a 22:12 a kan tuntaye yake. An ce Isra'ilawa su sa tuntu a kusurwa huɗu na tufar da suke yafawa, domin in sun gan shi su tuna da dokokin Allah. A zamanin dā irin tufar kowa ke nan, ƙyalle mai faɗi mai kusurwa huɗu kamar gwado. Da ita mutum yake fita, da ita kuma yake rufa da dare. Da zamani ya sake, aka koma sa riguna ɗinkakku marasa kusurwa, sai Yahudawa suka riƙe mayafi guda na musamman domin kada umarnin ya ɓace. Shi ne talit. Akwai kuma ƙaraminsa mai wuya a tsakiya, wanda masu riƙon addini suke sawa ƙarƙashin riga yini zubur.

Saboda haka Bayahude in ya shiga shago, abin da ya fi damunsa shi ne tuntayen nan huɗu, waɗanda suke kira tsitsit. Mayafi komai kyansa, in tuntayensa ba su yi daidai ba, a wurinsa gara ma bai yafa ba, gama sa tufa mai kusurwa huɗu ba tare da tuntu na gaskiya ba karya doka ne.

Ga yadda ake yin kowane tuntu. Ana huda ƙaramar kafa kusa da kusurwa, kada nisanta daga baki ya wuce faɗin babban yatsa uku, kada kuma ta matse bakin ƙwarai. A zura zare huɗu a ciki, a ninka, su zama takwas. Ɗaya ya fi sauran tsawo, da shi ake naɗe 'yan'uwansa. A yi ƙulli biyu a haɗe, a naɗa, a sake ƙulli, a naɗa, har ƙulli ya kai biyar, naɗi ya kai kashi huɗu. Yahudawan da kakanninsu suka zauna a Jamus da Polan da Rasha, waɗanda ake kira Ashkenazi, suna naɗi 7, 8, 11, 13. Da yawa daga cikin Sefardi, wato zuriyar waɗanda aka kora daga Sifen a 1492 tare da 'yan'uwansu na Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, suna naɗi 10, 5, 6, 5, gama wannan ne lissafin haruffa huɗu na sunan Allah da Ibrananci. Malamansu sun kuma lura cewa haruffan kalmar tsitsit lissafinsu 600 ne, in an haɗa da zare 8 da ƙulli 5 sai ya zama 613, yawan dokokin da suka ƙidaya a cikin Attaura. Mai saye tilas ya san al'adar gidansu kafin ya ce a ɗaura masa.

Wani abu kuma ido ba ya iya ganinsa. Zaren tuntu sai wanda aka kaɗa musamman domin wannan aiki, mai kaɗin ya faɗa da bakinsa tun kafin ya fara. Zaren da aka kaɗa domin ɗinki ko saƙa bai yi ba, ko da ya fi kyau. Ulun sata bai yi ba. Wanda zai ɗaura tuntun kuma sai ya zama Bayahude, ya ɗaura da niyya. To, yaya mai saye zai tabbata? Yadda ƙungiyarku ba ta sayen iri sai daga hannun wanda ta sani, haka su ma. Ana sayar da zaren a ƙunshe da hatimin malamin da ya sa ido a kan aikin. Na kaɗin hannu ya fi na inji tsada, masu tsanani kuwa shi suke nema. Waɗansu ma sukan sayi mayafin kawai, su zauna a gida su ɗaura tuntayen da hannunsu.

Bayan tuntu sai ƙyalle. A nan malamansu biyu manya sun saɓa. Yusuf Karo, wanda ya zauna a Safed ta Galili, aka kuma buga littafinsa na dokoki mai suna Shulhan Aruk a Benis a 1565, ya ce tufar ulu ko ta lilin ita kaɗai Attaura ta wajabta wa tuntu, sauran tufafi umarnin malamai ne. Musa Isarles na Krakow a ƙasar Polan ya ce duk ɗaya ne, auduga da siliki ma suna ciki. Don a fita daga gardama, mafi yawa suna zaɓen farin ulu. Amma a ƙasa mai zafi mutane da yawa suna sa ƙaramin na ƙarƙashin riga na auduga, ba kuwa wanda zai ga laifinsu a watan bazara. Ulun da ake nufi na tumaki ne. Tumakinmu, ko 'yan ƙasa, ko uda, ko balami, gashi gare su irin na awaki, ba a sausaye su a kaɗa, shi ya sa ba mu gaji saƙar ulun tumaki ba sai ta auduga.

Akwai doka guda da mai zaɓe yake tsoro ƙwarai. Littafin Firistoci 19:19 da Maimaitawar Shari'a 22:11 sun hana sa tufar da aka gauraya ulu da lilin. Lilin zare ne na wani tsiro da ake jiƙa karansa a ruwa a sule, kamar yadda muke yi wa rama. Ko zare ɗaya na lilin aka ɗinke bakin mayafin ulu da shi, mayafin ya haramtu. A unguwannin Yahudawa a Amurka da Isra'ila har akwai masu sana'ar duba tufafi da madubin ƙara girma domin wannan. Ulu da auduga kuwa ba laifi a haɗa su.

Zancen girma ba shi da wuya. Tsohon ma'auninsu shi ne tufar ta isa rufe kai da yawancin jikin yaron da ya kai a aike shi kasuwa shi kaɗai. Masu bin tsohuwar hanya suna sayen babba wanda zai rufe baya ya sauko wajen gwiwa, su naɗe gefensa a kafaɗa. Waɗansu majami'u, musamman a Amurka, sun saba da siriri mai kamar gyale. Ratsin jiki, baƙi ne ko shuɗi ko fari, al'ada ce kawai. Haka nan adon da ake ɗinkawa a wuya, amfaninsa a san sama da ƙasa domin a riƙa yafawa ta gefe ɗaya kullum. Tutar Isra'ila, fara mai ratsi shuɗi biyu, daga kamannin wannan mayafi aka ɗauko ta.

Yanzu ga wurin da zai fi jan hankalin duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi. Umarnin Littafin Ƙidaya ya ce a sa shuɗin zare a cikin kowane tuntu. Wannan shuɗi sunansa tekelet. Bisa ga koyarwar malamansu, ba a samunsa sai daga jikin wata halitta ta Bahar Rum. Rini ne mai tsadar gaske, irin na sarakuna. Don ku gane tsadarsa, a 1909 wani masani Bajamushe, Paul Friedländer, ya fasa dodon koɗi na teku 12,000, na wani iri mai ba da shunayya, abin da ya samu na rini giram 1.4 ne kacal. Inda tsada take kuwa, zamba ba ta nisa. Tun zamanin Talmud, littattafan koyarwar malamansu na dā, maƙaryata suna rina zare da baba, irin wannan baban da marinan Kano da Zariya suke aiki da shi, su sayar da sunan na teku. Ido ba ya rarrabe su. Malaman suka ce kada a sayi shuɗin zare sai daga gwani amintacce, mai zambar kuma an bar shi da Allah. Wajen shekara 1,300 da suka wuce sana'ar ta mutu gaba ɗaya, har aka manta wace halitta ce. Yahudawa suka zaɓi su zauna da farin zare zalla maimakon su sa shuɗin da ba su tabbata da shi ba.

A shekarun 1880 wani malami na garin Radzin a Polan, Gershon Henok Leiner, ya ce ya gano ta, wai wani kifi ne mai fitar da tawada. Mabiyansa suka fara sa shuɗin zare. A 1913 Ishaku Herzog, wanda daga baya ya zama babban malamin Yahudawa a Isra'ila, ya yi bincike, aka gane shuɗin nan daga sinadaran da ake zubawa a tukunya yake fitowa, kifin ba shi da wani taimako na musamman. Herzog ya fi zaton wani dodon koɗi ne, amma abin da ya dame shi, rininsa shunayya yake bayarwa. Sai a shekarun 1980 wani masanin rini a Isra'ila, Otto Elsner, ya lura cewa in aka bar ruwan rinin a rana kafin a tsoma ulu, shuɗi yake fitowa kamar sararin sama. Hasken rana yana cire wani sinadari daga cikinsa, abin da ya rage kuwa shi ne ainihin shunin da yake cikin baba. Ashe shi ya sa mutanen dā suka kasa rarrabewa. Har yadda zaren yake fitowa daga tukunya kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, daidai yake da abin da marini yake gani a karofi. Tun shekarun 1990 ana rina zare da wannan dodon koɗi a Isra'ila ana sayarwa. Ba duka malamai suka yarda ba, mafi yawan Yahudawa har yanzu farin suke sawa. Wanda ya zaɓi shuɗin kuma sai ya sake zaɓe, gama waɗansu sun ce zare ɗaya cikin takwas, waɗansu biyu, waɗansu huɗu.

Suna wannan taka-tsantsan ne domin mayafin abokin zaman mutum ne na shekaru. Sefardi sukan fara yafawa tun suna samari, a shekara 13 ko kafin haka. Yawancin Ashkenazi sai sun yi aure, sau da yawa gidan amarya ne suke saya wa ango. A majami'u masu sassauci mata ma suna yafawa. Da safe ake yafa shi, domin umarnin ya ce a gan shi, sai dai a daren Ranar Kafara. Kowace safiya mai shi yakan duba zaren ko sun tsinke, in sun lalace a kwance a ɗaura sababbi. A ƙasashe da yawa, in namiji ya rasu, da mayafinsa ake rufe shi, bayan an yanke tuntu ɗaya, alamar dokokin sun sauka daga kansa.

To, na hannunmu fa? Yawancin waɗanda ake sayar wa baƙi masu ziyara na zaren roba ne, an ɗaura tuntayensu ba bisa waɗannan sharuɗɗa ba, waɗansu ma da gicciye ko kifi a jiki. Bayahude mai riƙon addini ba zai yi addu'a da irinsu ba. Tsohuwar dokarsu ma ta ce kada a sayar wa wanda ba Bayahude ba tufa mai tuntu sai an cire tuntayen, don kada ya ɓad da kama ya cuci matafiya. Masu talla sukan kawo labarin matar nan mai zubar jini a Matiyu 9:20-22, su ce ikon warkarwa a cikin gezar yake. Gaskiya ne Yesu ya sa tufa mai geza kamar sauran Yahudawan zamaninsa, amma tufarsa ce ta yau da kullum, abin da ya yaba kuwa bangaskiyar matar ce. A Matiyu 23:5 ya tsauta wa masu tsawaita geza don a gan su. Yahudawan kansu ba su ɗauki mayafin a kan laya ba, abin tuni ne. A ganinmu, wanda yake so ya ajiye shi don tunawa da tafiyarsa, ko don ya nuna wa yara yadda tuntu yake, ya yi daidai. Amma mai ciwo kada ya sayar da akuya ko buhun iri domin an ce masa mayafi zai maye gurbin asibiti.

In kuwa kyauta za ku saya wa Bayahude, gama akwai 'yan ƙasarmu masu bin wannan addini, yawancinsu daga ƙabilar Ibo, ku tambaye shi al'adar majami'arsu tukuna, ku bar masa zancen tuntu ya ɗaura da kansa. In mai shago ya ce ulu ne ya sa kuɗin ulu, ku roƙi ɗan zare daga bakin ƙyallen ku kai shi ga ashana. Ulu yakan yi warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murtsukewa a yatsa. Na roba narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri kamar dutsen ado.