Kwali a Bangon Ofishin Hedimasta

A ofishin wani hedimasta na firamare da na ziyarta a bayan gari, akwai babban kwali manne da bango, an ja masa layuka da maka: matsala, abin da za a yi, wanda zai yi, kuɗin da zai ci, ranar gamawa. Layi na farko gyaran kwanon aji biyu da iska ta yaye. Na biyu benci sittin. Na uku makewayin 'yan mata. Can ƙasa, a layi na takwas, an rubuta "inganta koyo da koyarwa", amma gurbin kuɗi da na rana duk wayam. Rana ta cinye tawadar, shekarar da ke saman kwalin kuma ta wuce da uku. Na tambaye shi ko an rubuta sabo. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai tun da masu shirin suka tattara ba wanda ya sake tambaya."

Wanda ya yi firamare a shekarun 1970 ko 1980 bai san wannan kwali ba. A lokacin, abin da ke bangon hedimasta bai wuce jadawalin darasi da sunayen malamai da adadin ɗalibai ba. Yau kuwa tsari hawa-hawa ne. Makaranta na da nata na shekara, sashen ilimi na ƙaramar hukuma na da nasa, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, na da wanda za ta kai wa takwararta ta tarayya, UBEC, a Abuja, ma'aikatar ilimi ta jiha kuma na da na shekara goma, da wani na shekara uku da ake cewa a kansa ake ɗora kasafi.

Kuɗi ne ya fara kawo wannan al'ada. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta taɓa babban kasonta sai ta ajiye nata daidai da shi, ta kuma gabatar da tsarin yadda za ta kashe. A tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa kwamitin al'umma a kowace makaranta, wanda har a ƙauye SBMC ake ce masa. Sai masu ba da tallafi suka shigo suka ba abin ƙafa. Shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya ya yi aiki daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, uku daga ciki Kano da Kaduna da Jigawa, kuma shi ya zaunar da dubban hedimastoci a ɗakin bita ya koya musu auna makarantarsu da rubuta tsarin shekara. A 2015 shirin NIPEP ya zo da dala miliyan 100 ga Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato, yana tura tallafi kai tsaye asusun makaranta. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 ga shirin AGILE, na karatun 'yan mata a sakandare. Sharaɗin duk ɗaya ne: babu tsari a rubuce, babu tallafi.

Hujjar da aka gina abin a kai ba ta da aibu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma jami'in da ke zaune a hedikwatar jiha mai ƙananan hukumomi 44 kamar Kano ba zai san wane aji ne akuya ke kwana a ciki ba. An kuma ga amfani. Inda kwamiti ke da rai, mai unguwa da liman da wakiliyar mata da tsofaffin ɗalibai kan zauna ƙarƙashin darbejiya a karanta musu abin da ya shigo da abin da ya fita, abin da a da ba a yi. Kafintan gari kan haɗa benci a kan kuɗin da ɗan kwangila zai ce ba ya isa ko na katako. Makewayi da rijiyar burtsatse sun riƙe 'yan matan da a da suke daina zuwa da zarar sun fara girma. Malamin da ya saba ɓacewa ranar kasuwa ya gane cewa akwai idon da ke kansa, kuma idon na surukinsa ne ko na maƙwabcinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai ESSPIN da kansa ya yi manyan bincike a 2012 da 2014 da 2016, kuma abin da suka nuna ya kamata ya hana masu tsari barci. Makarantu sun ƙware a rubuta tsari, kwamitoci sun ƙara aiki, yara sun ƙaru a aji, amma iya karatu da lissafin yaran bai bi sahu ba. An gyara ɗaki, abin da ake yi a cikin ɗakin yana nan yadda yake.

A ganina dalilin na nan a layi na takwas na kwalin nan. Benci ana ƙirga shi, ana ɗaukar hotonsa, yana da rasit. Wanda ya ba da kuɗi rasit yake nema, domin shi ma akwai wanda zai tambaye shi. Kason da UBEC ke bai wa jihohi ma, mafi tsokarsa gini da gyara da kayan zama ne, ɗan siyasa kuma gini yake iya yanka wa ƙyalle. Shi kuwa "inganta koyo da koyarwa" ba buri ba ne, fata ne. Ba wanda zai iya cewa an cim masa ko ba a cim masa ba, don haka ba wanda za a kama da laifi. Da an rubuta cewa a cikin 'yan aji biyu tamanin, goma sha biyar ne ke iya haɗa baƙi da wasali yau, kuma ana so su kai arba'in kafin hutun zango na biyu, da magana ta zama ta gaske. Amma rubuta haka na buƙatar a fara zaunar da yara tamanin ɗaya bayan ɗaya a gwada su, a kuma yarda a rubuta lambar da za ta ba da kunya. Hedimasta ya san cewa a tsarinmu wanda ya faɗi gaskiyar lamba shi ake yi wa canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da mota ba ta shiga.

Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa a ɗakin bita ba. An ɗora wa hedimasta alhakin buri, ba a ba shi ikon cim masa ba. Ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke biyansa ba, ba ya iya korarsa, ba ya ma iya hana a ɗauke masa malamin lissafi ɗaya tilo a tsakiyar zango saboda wani ya yi magana da sakataren ilimi. Littafi daga sama yake zuwa in ya zo. Alli kansa sau da yawa daga aljihunsa yake fita. Mutumin da ke cikin wannan hali in aka ce ya rubuta tsari, zai rubuta abin da ya san ana son gani. Daga nan aka samu sana'ar kwafe: tsarin makaranta ɗaya ya zaga gunduma guda, a shagon kwamfuta a canza suna kawai. Na taɓa ganin tsarin wata makaranta yana maganar gyaran katanga, alhali makarantar ba ta taɓa samun katanga ba, hanyar shanu ce ta ratsa filinta.

Shawarar da ake yankewa a sama ma takan shafe tsarin ƙasa cikin mako ɗaya. Da Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a Janairun 2016, ajujuwa suka cika maƙil, duk wani lissafin benci da malami da aka yi a Satumba ya tashi a banza. A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta gwada malaman firamare kusan 33,000, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Kowa da ra'ayinsa kan wannan mataki, amma babu tsarin makarantar da ya hango shi. Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan a 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin. Kowace sanarwa na sauya yawan yara da kuɗin da makaranta ke gani, kuma hedimasta a rediyo yake ji. Ga kuma saɓanin kalanda: shekarar karatu daga Satumba take farawa, kasafi daga Janairu, sakin kuɗi kuwa sai ranar da aka gani. Tallafin da aka tsara don gyaran kwano da rani yakan iso bayan ruwa ya sauka.

Masu kare tsarin za su ce ba laifin takarda ba ne, laifin masu aiwatarwa ne. Akwai gaskiya a ciki, amma zanen aro ba ya rufe katara. Al'adar da ta shigo da alawus na bita da motar shiri tana tafiya ne ranar da motar ta tafi, kuma motocin na tafiya: Birtaniya ta rage kuɗin tallafinta a 2021, Amurka kuma ta rufe USAID a 2025, hukumar da ta ɗauki nauyin littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. Abin da jiha ba ta sa a kasafinta ba, ba nata ba ne.

Duk da haka akwai inda aka gwada wani salon sa buri, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. A ƙarshen 2019 SUBEB ta Kano da abokan aikinta suka fara shirin KaLMA a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, bisa dabarar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da ita. Malami kan zauna da kowane ɗan aji huɗu zuwa shida na 'yan mintuna, da takarda ɗaya: yana gane harafi? kalma? yana iya karanta sakin layi? gajeren labari? Sai a raba yaran gwargwadon inda kowa ya tsaya, a manta da ajinsu na wani ɓangare na yini, a koyar da su da Hausa daga inda suke. Bayan makonni a sake gwaji. Burin a nan ƙarami ne, malami na iya riƙe shi a ka: yara nawa suka bar rukunin harafi suka koma na kalma. Ba sai an jira ƙidayar makarantu ta shekara ba, kuma uwar da ba ta yi boko ba tana iya fahimtar amsar. Korona ta katse shirin a Maris na 2020 aka koma rediyo da takardun aikin gida, amma dabarar ta bazu zuwa wasu jihohin Arewa.

Ita ma wannan dabara tana tsaye ne a kan mutum ɗaya da manyan tsare-tsare ke mantawa da shi: jami'in tallafa wa makarantu na ƙaramar hukuma, wanda aikinsa ya shiga aji ya zauna a benci na baya, ya ga darasi, ya duba lambobin wancan watan da na wannan, ya tambayi malama abin da ya hana rukunin harafi motsawa. Shi ne ke mayar da tsari abin da ake waiwaya kowane wata. Wani daga cikinsu ya gaya mini makarantu goma sha biyu ne a hannunsa, mafi nisa tafiyar awa guda a babur, kuma rabonsa da kuɗin mai tun kafin azumin bara. Yana zuwa uku da ke kusa da gidansa. Sauran taran, hedimastocinsu kan kawo masa rajistar ziyara ofis ranar taron wata ya sa hannu.