Zaɓen Maganin Kashe Ƙwayoyin Cuta A Asibitocinmu

A shekarar 1847, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya umarci likitocin ɗakin haihuwa na babban asibitin Biyana, a ƙasar Ostiriya, su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mai naƙuda. Cikin 'yan watanni mutuwar masu jego ta sauko daga kashi 18 cikin ɗari zuwa wajen kashi 2. Tun daga nan aka fara gane cewa hannun mai magani ma yana iya ɗaukar cuta.

Magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ne. Akwai na fatar mutum, kamar su sifirit da aidin da kuloheksidin, akwai kuma na kaya da daɓe da gadaje, kamar ruwan kulorin. Kowanne da inda ya dace, domin wanda ya isa tsabtace daɓe yana iya ƙona fata.

Ma'aikaci zai fara duba inda kayan zai taɓa. Wuƙar tiyata da almakashin yanke cibiya, waɗanda ke ratsa jiki, ba a dogara da jiƙo kawai a kansu. Ana wanke su, sa'an nan a turara su cikin tukunya ta musamman a zafin digiri 121. Amma gado da tebur, sabulu da ruwan kulorin sun wadatar.

Ƙarfin magani ma abin lura ne. Sifirit mai kashi 70 cikin ɗari ya fi tsantsarsa kisa, saboda ruwan da ke ciki yana taimaka masa ratsa ƙwayar cuta. In jini ya zuba, akan haɗa mudu ɗaya na kulorin mai kashi 5 da mudu tara na ruwa. Wannan haɗi kullum ake sabunta shi, don rana da zafi suna kashe ƙarfinsa.

Kuloheksidin kuwa yana kare cibiyar jariri daga ruɓa, amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an makantar da yara a ƙasashen Afirka saboda an ɗiga musu shi a ido bisa kuskure.

Saboda haka lalle ne jami'an da ke sayen magunguna a ma'aikatun lafiya su shawarci likitoci da masu haɗa magani kafin su ba da kwangila, su duba ƙarfin magani da ranar ƙarewarsa, su kuma tabbata an bayyana wa ungozomomi da iyaye mata inda ake sa kowanne. Araha kaɗai ba ta isa hujjar saye ba.