Bola Jari: Fasahar Mayar Da Shara Abin Daraja

A ƙasar Hausa, masu bin juji suna tsintar tsofaffin ƙarafa da robobi ana kiran su 'yan bola jari. Wannan suna kaɗai ya ƙunshi hikima, domin yana nuna cewa abin da wani ya zubar a bola, jari ne a hannun wanda ya san amfaninsa. A kan wannan tunani ne wani reshe na fasahar zamani ya ginu a duniya.

Daga cikin fitattun masu wannan fasaha akwai El Anatsui, wanda aka haifa a ƙasar Gana a 1944, ya kuma fara koyarwa a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1975. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 yake tara dubban marufan kwalaben barasa, a daddaƙe su, a huda, sannan a ɗinke su da wayar jan ƙarfe har su zama kamar wani makeken mayafi mai ƙyalli. Aikin nasa yana tunatar da mai kallo tarihin cinikin da Turawa suka yi da Afirka, inda barasa ta kasance cikin kayan da ake musayar bayi da su. A 2015 an ba shi babbar lambar yabo a bikin baje kolin fasaha na birnin Benis da ke Italiya, a 2023 kuma aka rataye aikinsa a babban zauren Tate Modern na Landan.

Ko da yake ba a kiran su da wannan suna, masu sana'ar hannu na arewacin Jihar Zamfara sun daɗe a kan irin wannan aiki. A Ƙauran Namoda, garin da layin dogo ya isa a 1929, da Zurmi, da babbar kasuwar Shinkafi da ke ci ranar Alhamis, ana samun tukwane da ludaya da aka zuba daga narkakken alminiyam, da gugar da aka ɗinka daga tsohon tib na mota, da takalman taya, da fitilar aci-balbal ta gwangwani, da igiyar da aka tufka daga zaren buhu. Bambancin shi ne, maƙeri yana neman abin amfanin gida, shi kuwa mai fasaha yana son mai kallo ya tsaya ya tambayi kansa: wa ya yanke hukuncin cewa wannan abu ya zama shara, kuma ina yake zuwa bayan an yar da shi?

Tambayar tana da nauyi a wannan yanki na manoma da makiyaya. Ƙwarya da faifai da tukunyar ƙasa idan sun tsufa ƙasa ce ke cinye su. Leda kuwa ba ta ruɓewa da wuri: tana toshe magudanan ruwa da damina, tana shiga gonaki tare da takin juji, kuma idan akuya ko saniya ta haɗiye ta, takan cushe mata ciki har ta rame ta mutu.

Har ila yau, ba kowace shara ce ke karɓar sarrafawa ba. Tsohon batirin mota yana ɗauke da dalma, kuma jama'ar jihar nan ba su manta da gubar dalmar da ta fito daga duwatsun zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010 ba. Don haka ya kamata maƙera su riƙa tantance abin da suke narkarwa, musamman idan tukunyar abinci za a zuba da shi.