Takardar lakwal kaɗai ba ta ba ɗan Gabi aiki

A Gabi, cikin gundumar Madarumfa, kusan kowane gida akwai ɗan lakwal. Iyaye suna sayar da hatsi ko akuya don littafi da tufafi. Fatansu yaro ya gama, ya sami aikin gwamnati, ya ɗauke musu nauyi.

Da can haka abin yake. Bayan samun ƴancin kai a 1960, ƙasa tana da ƙarancin ma'aikata, kusan duk mai takarda ana ɗaukarsa. Da kuɗin iraniyom ya faɗi a shekarun 1980, gwamnati ta rage ɗauka. Yau malaman lakwal da yawa ƴan kwantaragi ne. Akwai masu brebe da masu bak zaune a gida, akwai ma waɗanda suka gama jami'a. Wasu sun tafi Kano ko Legas cin rani. Zaman banza kuwa yana da hatsari ga saurayi a bakin iyaka, inda ɓarayin shanu da masu sace mutane suka dami jama'a a ƴan shekarun nan.

Wannan ba dalili ba ne na cire yaro daga lakwal. Abin dubawa shi ne me yaron zai iya yi da hannunsa da kansa ranar da ya fito.

Na farko karatu da rubutu da lissafi na ƙwarai. Ana samun yaron da ya shekara shida a aji amma bai iya karanta takardar magani ba. Uban da ya yi yaƙi da jahilci yana iya gwada ɗansa da kansa: ya ba shi wannan jarida ya karanta da ƙarfi, ya sa shi ya lissafta kuɗin tiya 40 na wake. Mutanen Gabi suna cin kasuwa da sefa da naira. Wanda bai iya canji ba, ana cutarsa yana godiya. Ƙungiyoyin manoma da na mata masu adashi su ma kullum suna neman mai riƙe musu littafin kuɗi.

Sannan ilmin gona da na kiwo. Nan ne iyaye suka fi yin kuskure, don wasu suna ganin ɗan lakwal ya fi ƙarfin hauya. Alhali manyan ayyukan da suka taimaki jihar Maraɗi daga gona suka fito. Sassaben zamani, watau barin tohon itace a gona ana gyara shi har ya girma, a nan jihar aka fara yaɗa shi wajen 1984. Yau an ƙiyasta ya mayar da itatuwa miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Buhun nan mai ninki uku da ke ajiye wake ba tare da magani ba, masu binciken INRAN na Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi, aka shiga yaɗa shi daga 2007. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana da sashen koyon aikin gona. Yaron da ya tashi ya san ƙasar jigawa da ta fadamar Gulbin Gabi, ya san itatuwan dajin Babban Rafi da sunayensu, ya riga ɗan birni nisa kafin ya shiga ajin. Haka ɗan makiyayi. Wanda ya san ciwon saniya tun daga tafiyarta, in ya ƙara da karatu, shi ne zai iya allurar rigakafi da auna magani daidai.

Sai sana'ar hannu. A Jiratawa ana noman rani da ruwan famfo, kuma injin ban ruwa mai aiki da hasken rana yana ƙaruwa a lambuna. In ya lalace, sau da yawa sai an nemo mai gyara daga Maraɗi. Moto, salula, injin niƙa, duk suna son mai gyara. Gwamnati ta buɗe cibiyoyin koyon sana'a a ƙananan hukumomi, inda ake koyon ɗinki, walda, kafinta da kanikanci. A Maraɗi akwai lisen fasaha ta Ɗan Kasawa. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya. Irin wannan aiki masu walda da direbobi yake nema, da masu jin Ingilishi da Faransanci. Hausa ma ta sami daraja: tun 2025 ita ce harshen ƙasa a Nijar.

Ƴan mata ba a bar su baya ba. Mace a ƙauye ta fi sakin jiki da ungozoma mace. Amma ba a shiga makarantar aikin lafiya sai da takardar kolej, kuma yarinyar da aka aurar tana aji biyu ba za ta kai can ba.

Hutun lakwal yana faɗowa cikin damina, daga Yuli zuwa Satumba. Wata uku ke nan. Wasu iyayen suna raba shi biyu: da safe yaro yana gona, da marece yana wurin mai gyaran moto ko tela.