Jitar Lantarki a Hannun Mai Ita

Wanda duk ya dubi tarihin jitar lantarki da idon basira zai tarar cewa mutumin da ya fi kowa yaɗa ta a duniya, wato Leo Fender na garin Fullerton a jihar Kalifoniya ta Amurka, bai iya kaɗa ta ba, domin asalin sana'arsa gyaran rediyo ce, wadda ya buɗe wa shago a 1938. Shi ya sa da ya zo ƙera tasa jitar a 1950, wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster, sai ya yi ta da tunanin mai gyara, ya ɗaure wuyanta ga gangar jiki da kusoshi huɗu masu murɗi maimakon manne shi da gam, ta yadda in wuya ya lalace a kwance shi a ɗaura wani. Wannan hikima ita ce hujjarmu ta cewa mai jita bai kamata ya ji tsoron buɗe kayansa ba, muddin ya san ƙa'ida.

Mafi yawan illolin da ake ɗora wa jita daga wuya suke tasowa. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe, in an ɗaure su bisa sautin da aka saba, suna jan wuyan da nauyin da ya kai kimanin kilo 45, dare da rana, alhali wuyan nan itace ne, itace kuwa yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana tsukewa. Saboda haka ne aka binne sandar ƙarfe a cikinsa, dabarar da wani ma'aikacin kamfanin Gibson, Thaddeus McHugh, ya nemi rajistarta a 1921, wadda in aka tsananta murɗinta sai ta miƙar da wuya, in aka sassauta ta bar shi ya ɗan lanƙwasa. Makaɗan Agadas da Zinder da Kano sun san wannan mas'ala ko ba a karanta musu ba, gama jitar da ta yi daɗin hannu da damina, da zarar hunturu ya kama sai ka ji tsirkiya ta yi nisa da yatsa ko tana gogar ƙarafunan da ke gicciye a wuya, bakunan ƙarafunan kuma su fito suna yankar tafin hannu, saboda itacen ya tsuke ya bar su. Sharaɗin taɓa sandar nan shi ne haƙuri: rubu'in juyi, sa'an nan a bar itace ya zauna, a sake dubawa, in kuwa ta ƙi juyawa, to, tilasta mata ganganci ne, domin sandar da ta karye a cikin wuya gyaranta ya fi ƙarfin gida.

Bayan wuya sai jaki, inda tsirkiyoyi ke hawa. Ana danna tsirkiya a ƙarfe na 12 a gwada da sautinta a sake. In ya haura, a ja mazauninta baya don ta ƙara tsawo, in ya gaza, a matso da shi gaba. Amma fa kada a yi wannan da tsohuwar tsirkiya, wadda gumi da ƙura suka sa wa tsatsa, don ba ta faɗin gaskiya. Shafe ta da ƙyalle bayan kowane wasa shi ne farillar da aka fi sakaci da ita.

Amma sha'anin lantarkinta, alal haƙiƙa ya fi yadda ake zato sauƙi. Maɗaukin sauti maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe naɗi dubbai, girgizar tsirkiya a kansa ita ke haifar da 'yar wutar da amfilifaya ke kambamawa. Aibinsa shi ne yana kwaso gunjin wutar gida tare da kiɗa, abin da ya sa Seth Lover na Gibson ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna a 1955 don su kashe gunjin. Ƙarar da ke tashi in an murɗa maɓallin sauti galibi ƙura ce, yankewar sauti kuwa galibi sako-sakon soket ne ko dalmar da ta saki, duk kuwa mai gyaran rediyo na bakin kasuwa zai iya nuna wa mutum yadda ake narka dalma a yini guda.

Game da ƙara wa jita daraja, ra'ayinmu shi ne a jinkirta sayen sabon maɗauki har sai an daidaita abin da ke hannu, domin da yawa sun kashe kuɗi a kan ciwon da rubu'in juyi zai warkar. Duk da haka ba mu musun fa'idar ijtihadi. Makaɗin jita Eddie Van Halen ya ɗauki maɗaukin Gibson ya tsoma shi cikin narkakken kaki don hana shi kuwwa, ya dasa a gangar jita mai siffar Fender. Brian May na ƙungiyar Queen a Ingila, shi da mahaifinsa suka fara sassaƙa tasa a 1963, da katakon tsohon murhun ɗaki da sifirin na babur, bai kuwa rabu da ita ba, sai dai a 1998 ya miƙa ta ga wani gwani ɗan Ostareliya, Greg Fryer, ya yi mata babban gyara. Mdou Moctar na Nijar ma da wayar birkin keke ya yi tsirkiyoyin jitarsa ta farko.

Inda muke jan kunne shi ne amfilifaya. Cikin jita babu wutar da za ta cuci mutum, amma tsirkiyoyinta a haɗe suke da jikin amfilifaya ta hanyar waya, saboda haka in babu wayar da ke kai wuta ƙasa, kamar yadda ya zama ruwan dare a wuraren biki da ake aiki da janareta, makaɗi na iya zama shi ne hanyar wutar. Haka ajalin makaɗi Leslie Harvey ya sauka a kan dandamali a Swansea a 1972, lokacin da ya taɓa makirufo marar wannan waya, na mawaƙi Keith Relf kuma a gidansa a 1976. Amfilifaya mai kwalabe tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga bango, don haka buɗe ta aikin ƙwararre ne.