Daga Ɗan Wasa Zuwa Mai Horarwa: Tarihin Salisu Yusuf

Gabatarwa

Birnin Zazzau ya yi suna a fagen ilimi tun kafin zuwan Turawa, musamman ta unguwannin malamai irin su Juma da Kona. Bayan kafuwar makarantun boko, wasan ƙwallon ƙafa ya shigo ta hannun ɗalibai, ya bazu cikin ganuwa da wajenta, har ya zama sana'ar da wasu ke ci da ita. Wannan darasi zai dubi rayuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙi wannan sana'a, wato Salisu Yusuf, domin a fito da dangantakar da ke tsakanin aikin mai horar da 'yan wasa da aikin malamin makaranta.

Zamansa na Ɗan Wasa

An haifi Salisu Yusuf a Zariya a shekarar 1962. Ya taka leda a matsayin ɗan wasan tsakiya a ƙungiyoyi da dama, ciki har da Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri da Lobi ta Makurɗi. Ɗan wasan tsakiya shi ne mahaɗa tsakanin masu tsaron baya da masu kai hari. Saboda haka dole idonsa ya kasance a kan filin baki ɗaya, kuma ya san halin kowane abokin wasansa. Wannan sani shi ne jarin farko na mai son zama koci. Sai dai iya buga ƙwallo daban, iya koyar da ita daban, kamar yadda jin Hausa kaɗai ba ya mai da mutum malamin Hausa.

Zamansa na Mai Horarwa

Salisu Yusuf ya hau wannan aiki ne daki-daki. Yana cikin masu horar da Kano Pillars a shekarar 2008, lokacin da ta ci gasar firimiyar Nijeriya a karon farko. A 2013 ya jagoranci Enyimba ta Aba ta ɗauki Kofin Ƙalubale, bayan ta doke Warri Wolves a bugun fenariti.

A watan Mayu na 2016 aka ba shi riƙon ƙwarya na ƙungiyar Super Eagles, ta ci Mali da 1-0, ta kuma ci Luksambok da 3-1 a wasannin sada zumunta. Da aka naɗa Bajamushe Gernot Rohr a wannan shekarar, sai ya zama mataimakinsa, aka kuma danƙa masa ƙungiyar 'yan wasan da ke bugawa a gida. Da su ne ya kai Nijeriya wasan ƙarshe na gasar CHAN a karon farko, inda Maroko mai masaukin baƙi ta ci 4-0 a ranar 4 ga Fabrairu, 2018.

Batun Amana

A watan Yuli na 2018 BBC ta watsa wani bidiyo na ɗan jaridar Gana, Anas Aremeyaw Anas. Bidiyon ya nuna Salisu Yusuf yana karɓar kuɗi daga hannun wasu 'yan jarida da suka yi shigar burtu a matsayin dillalan 'yan wasa, suna neman a sa 'yan wasa biyu cikin tawagar ƙasa. Ya musanta aikata laifi, ya ce kyauta ce, kuma cancanta ce ta sa aka zaɓi 'yan wasan. Duk da haka, a watan Satumba kwamitin ɗa'a na Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya ya dakatar da shi shekara ɗaya, ya kuma ci shi tarar dala 5,000. Bayan cikar wa'adin ya horar da Rangers ta Inugu, sannan a 2021 aka mayar da shi cikin masu horar da Super Eagles.

Dalilin da ya sa dokokin ɗa'a suka hana irin wannan kyauta a bayyane yake. Koci ne ke tantance wanda zai buga da wanda zai zauna a benci, kuma a kan wannan hukunci makomar matashi take rataye. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ko da kyautar ba ta sauya zaɓin ba, wanda aka bari a baya ba zai daina zargi ba.

Kammalawa

Malamin makaranta ma yana riƙe da irin wannan iko, domin shi ke duba jarrabawa, ya ba da maki, ya zaɓi wanda zai wakilci makaranta. Tarihin Salisu Yusuf ya nuna cewa ana gina ƙwarewa cikin shekaru masu yawa, amma rana ɗaya ta isa ta sa tabo ga sunan mai ita.

Tambayoyi

1. Wane bambanci ke tsakanin iya abu da iya koyar da shi?
2. A kawo yanayi biyu da kyautar iyayen ɗalibi za ta iya jefa malami cikin zargi.